Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe Da Ragamar Makarantun Gwamnati: Ku Nuna Wa Masu Aikin Sa-kai Ƙofar Shiga

Zuwa ga jami'an ma'aikatun ilimi, masu duba makarantu, da shugabannin makarantun gwamnati.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da jinjina muku kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan jama'a, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin wasu mutane da ba su da ƙungiya, ba su da ofis, ba su kuma da kakaki. Cikinsu akwai malaman da suka yi ritaya amma har yau koyarwa ba ta fita daga ransu ba. Akwai iyaye mata da ke da sararin awa biyu ko uku tsakanin fitar yara da dawowarsu. Akwai samari da 'yan mata da suka gama karatu suna zaman jiran aiki, ga kafintoci, magina, ma'aikatan jinya da masu gyaran kwamfuta. Abin da ya haɗa mu shi ne muna son taimaka wa makarantar gwamnati da lokacinmu da hannunmu, ba don a biya mu ko sisi ba, amma mun rasa ta inda za mu shiga.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani umarni ne da ya sauko wa makarantar da wasunmu ke taimakawa, cewa daga yanzu kada a bar wanda ba ma'aikaci ba ya shiga aji sai da takardar izini daga ofis. Ba mu yi musu ba, domin magana ce mai hankali. Muka tafi ofis neman takardar, aka ce ba a fitar da fom ɗinta ba tukuna, kuma babu jami'in da aka ɗora wa alhakin sa hannu, mu koma wajen shugaban makaranta. Shugaban makaranta ya ce shi an ɗaure masa hannu. Haka aka yi ta tura mu, har masu raunin zuciya a cikinmu suka haƙura suka koma gida. Da na ba wasu labarin, sai na tarar ba mu kaɗai ba ne. A wani wurin an hana kai tsaye, a wani wurin ba a hana ba amma ba a ce a zo ba, kowa ya yi gum, mai son taimako ya gaji ya tafi.

Ba na zargin kowa da mugun nufi. Shugaban makarantar da ya ga baƙo a bakin ƙofa, abin da ke fara zuwa ransa shi ne in wani abu ya faru wa za a kama, kuma ya san shi za a kama. To amma ku dubi halin da makarantun ke ciki kafin ku ce rufe ƙofa ya fi sauƙi. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 na firamare da sakandare kafin 2030, miliyan 15 daga cikinsu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Shekara biyu kafin nan, Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar da ƙiyasin cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicinsa, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Kafin annobar korona adadin kashi 57 ne. Da yawan waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, sunansu na cikin rajista, ana kira suna amsawa. Ko gobe gwamnatoci za su buɗe baitulmali su ɗebi malamai, horar da malami shekaru yake ci, yaron da ke aji uku a yau kuwa girma yake yi, ba zai tsaya jira ba.

Kukanmu na farko ke nan: babu wata hanya a rubuce da mai son taimako zai bi. Komai ya rataya ne a kan halin shugaban makaranta. In mai sakin fuska ne, a shiga. Ran da aka yi masa canjin wurin aiki, sai a koma farko. Ga abin da wannan ke jawowa, na gani da idona. Kafin umarnin nan, aikin da aka ba mu shi ne zama da yaran da aka bari a baya a karatu, bayan an tashi. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da littafinta ya fi na kowa tsafta. Duk abin da malami ya rubuta a allo tana kwafewa tsaf, har da layin da ya ja ƙarƙashin kwanan wata. Wata tsohuwar malama da ke cikinmu ta ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko ta ce, "'Yata, karanta mini nan." Yarinyar ta dubi yatsan, ta dubi ƙofa, ta yi shiru. Ashe zane take yi. Haruffan da take jerawa da kyau ɗin nan ba ta san sautin mafi yawansu ba, kuma a haka take ta wucewa daga aji zuwa aji.

Malaminta ba malalaci ba ne. Ajinsa cike yake maƙil, manhaja na kora shi, masu duba aiki in sun zo tambayarsu ita ce babi na nawa ya kai. Ba shi da minti goma da zai zauna da yaro ɗaya. Tsohuwar malamar nan tana da su. Ta yayyanka kwali ta rubuta haruffa, ta tara yarinyar da wasu irinta a gindin bishiya, yau baƙi biyu, gobe a ƙara wasali. Kafin zangon ya ƙare yarinyar na haɗa baƙi da wasali tana fitar da gajerun kalmomi, tana ɗaga murya fiye da kima don kowa ya ji. Ana cikin haka umarnin ya zo. Yanzu tsohuwar na gida da kwalayenta a cikin jaka, yarinyar kuma ta koma kwafe allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai aji shida bai iya karatu ba, duk wani darasi da za a ɗora masa a gaba, lissafi ne ko kimiyya, a kan iska ake ɗorawa.

Kuka na biyu shi ne, inda aka buɗe mana ƙofa ma, ba don aiki ake buɗewa ba. In takardar taron iyaye ta zo, kowa ya san inda zancen zai ƙare: a kawo kuɗi. Ko kuma babban baƙo zai zo, a kira mu mu share fili mu cika kujeru mu tafa. Sai kuma kwamitoci, waɗanda ake kafawa a rubuta sunaye a aika ofis, wasu mambobin ma ba su san suna ciki ba. Daga baya a ce ai an gwada shigar da jama'a, ba su da himma.

A kan wannan akwai darasi daga Indiya da ya kamata duk mai riƙe da makaranta ya sani. A gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh, masu bincike, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda daga baya suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun yi gwaji a ƙauyuka 280 tare da Pratham, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki kan ilimin yara. A wasu ƙauyukan an tara jama'a an bayyana musu haƙƙinsu a kan makaranta da aikin kwamitin ilimi na ƙauye. A wasu an ƙara da koya wa mutane yadda za su gwada karatun yaransu da kansu. A rukuni na uku kuma an zaɓi matasa 'yan sa-kai, an horar da su na 'yan kwanaki kan hanyar koyar da karatu, suka riƙa tara yara a wajen lokacin makaranta. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa tarurrukan nan da wayar da kai ba su canza komai ba, kwamitoci ba su motsa ba, karatun yara bai ɗaga ba. Inda aka ga canji shi ne wajen yaran da suka zauna gaban 'yan sa-kan nan: waɗanda a da ba su san harafi ba suka iya gane haruffa. Sai dai yaran da suka halarci azuzuwan ba su da yawa. Ni a ganina dalili a fili yake, aikin ya tsaya ne a gefen makaranta, makarantar ba ta rungume shi ba.

Kafin wannan gwaji, ƙungiyar ta yi wani a biranen Mumbai da Vadodara, a cikin makarantun gwamnati. Ana ɗauko budurwa daga unguwar, wadda ta gama sakandare, a ba ta horon mako biyu da ɗan alawus kaɗan, a ware mata yaran aji uku da huɗu da suka fi rauni, ta zauna da su awa biyu a rana tana koya musu abin da ya wuce su tun aji ɗaya da biyu. Makin yaran ya ɗaga a shekarar farko, ya ƙara ɗagawa a ta biyu, kuma waɗanda suka fi cin moriya su ne na can ƙasan aji. Ku lura, ba digiri gare ta ba. An dai ba ta aiki guda ɗaya sananne, an nuna mata yadda ake yi, an ba ta wuri da lokaci. Jama'a ba su rasa himma ba, ranku ya daɗe. Mutum ne ba ya sanin abin da zai yi da "ku taimaka wa makaranta". Amma ka ce masa ga yara takwas, ga littafi, Litinin da Laraba ƙarfe biyu, za ka gan shi.

Ko gagarumin yaƙi da jahilcin da Kyuba ta yi a 1961, wanda matasa kusan 100,000 suka bazu ƙauyuka suna koyar da manya, kuma cikin shekara guda adadin waɗanda ba su iya karatu ba ya sauko daga sama da kashi 20 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100, hukuma ce ta tsara shi. Ita ta horar da su, ta ba kowa littafin koyarwa da fitila, ta faɗa masa gidan da zai sauka. Aikin sa-kai ba ya sauke wa hukuma nauyi, wani nauyin na tsarawa ma yake ƙara mata, kuma ina zaton wannan ne wasu ofisoshi ke gudu.

Kuka na uku ya shafi tsaron yara, kuma a nan muna tare da ku ɗari bisa ɗari. Ba duk mai murmushi a bakin ƙofar makaranta ne na kirki ba. Akwai miyagu da ke neman duk wata kafa da za ta kai su kusa da yara, kuma mu iyaye ne, 'ya'yanmu da jikokinmu ne a ciki. Sai dai hana kowa shiga ba tantancewa ba ce. A Ingila da Wales akwai hukumar da aka kafa a 2012 mai binciken tarihin duk wanda zai yi aiki da yara, kuma in ɗan sa-kai ne kyauta ake yi masa binciken. Wanda ba a bincika ba kuwa ba a barin sa shi kaɗai da ɗalibai. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan rumbun bayanai ba, amma kowace makaranta na iya neman katin shaida, da mutum biyu sanannu da za su tsaya wa mai nema, ta kuma kafa dokar cewa ɗan sa-kai ba ya keɓewa da yaro, ba ya rufe ƙofar aji, ba ya ɗaga hannu ya doki kowa. Abin mamaki, makarantar da ta kori tsohuwar malama saboda tsaro, katangarta a rushe take ta baya, duk mai so yana ratsawa, dabbobi ma na shiga. Manya amintattu da ke kai-kawo a harabar makaranta su kansu tsaro ne. Mai mugun nufi wurin da babu ido yake so.

Bari in faɗi wadda ba a cika son ji ba. Wasu shugabannin ba don yara suke ƙin baƙi ba, idon baƙon suke gudu. Uwar da ke zuwa makaranta sau biyu a mako za ta ga wane malami ne ke zuwa ƙarfe goma, wane aji ne ya wuni babu kowa a gabansa, ina littattafan da aka ce an kawo suka shige. Ba mu zo leƙen asiri ba, kuma mun san yawancin malamai suna aiki ne cikin ƙunci da albashin da ba ya kai su ƙarshen wata. Amma in kasancewarmu a wurin ya sa mai makara ya fara zuwa da wuri, ban ga asarar da aka yi ba.

Kuka na huɗu na malamai ne, mu muke kawo shi a madadinsu domin tsoronsu na da tushe. Malami ya ga ana shigo da masu aikin kyauta, dole ya tambayi kansa ko shiri ake yi na daina ɗaukar ma'aikata. Kuma an sha ganin haka: a rasa malamin lissafi, a samu wani matashi ya riƙe ajin "kafin a turo", shekara ta zagayo ba a turo ba, a takardun ofis kuma a rubuta cewa babu giɓi. Wannan zalunci ne ga matashin, ga yaran, da ga malamin da ya yi karatun koyarwa yana zaune ba aiki. Mu ba mu zo karɓar alli daga hannun kowa ba. Tsara darasi, riƙe aji, auna ɗalibi, wannan sana'a ce da ake koyo. Namu shi ne abin da malami ke so ya yi amma yawan yara ya hana shi: sauraron yaro yana karatu, jera littattafai a ɗakin karatu, raka ɗalibai fili, zuwa gidan yaron da aka kwana biyu ba a gani ba a ji ko lafiya. Wannan na ƙarshe kada ku raina shi. Yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yakan fara da fashin kwana biyu, sai mako, sai a daina kiran sunansa. Maƙwabciyar da ta san uwarsa, ta san ƙofar gidan, ita ke iya dawo da shi tun abin bai yi nisa ba, kuma babu wani jami'i da zai yi wannan daga kan teburinsa.

Na biyar, asarar da ake yi ta ilimin dattawa da masu sana'a. A Amurka akwai shirin Experience Corps da aka fara a tsakiyar shekarun 1990, inda mutane 'yan shekara 50 zuwa sama ke shiga makarantun gwamnati suna taimaka wa ƙananan yara da karatu. A birnin Baltimore, inda dattawan ke ba da awa 15 a mako, masana daga Jami'ar Johns Hopkins sun bi diddigin lafiyarsu, suka ga ƙarfin jikinsu da kaifin tunaninsu sun amfana, ban da amfanin da yaran suka samu. Duk wanda ya ga yadda zaman gida ke cinye ɗan fansho ba zai yi mamaki ba. Mutum ya shekara talatin yana tashi da asuba don ana jiransa, rana ɗaya a ce babu mai jiransa.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya da ta zo tare da mu, ba karatu ta zo koyarwa ba, zama kawai ta yi a bayan aji. Ta lura da wani yaro da ke ƙanƙance ido yana karkata kai duk lokacin da ya dubi allo, sannan ya leƙa littafin na kusa da shi. An daɗe ana yi masa faɗa a kan satar amsa. Ta sa aka dawo da shi layin gaba, ta rubuta wa iyayensa 'yar takarda su kai shi a duba idonsa. Tabarau ne kawai matsalarsa. Shi kuwa kafintan da ke cikinmu, da ya ga karyayyun bencina jibge a lungu yara na zaune a ƙasa, ya ce a ba shi ƙusa kawai ya gyara, sai aka ce masa gyaran kayan makaranta sai ta hanyar kwangila. Bencinan na nan inda suke, gara na ci.

Ga matasa ma akwai riba. Wanda ya yi zango biyu yana zama da yara ya koyi zuwa a kan lokaci, ya koyi haƙuri da magana gaban mutane, wani ma a nan zai gane koyarwa ce sana'arsa, ya tafi ya yi karatunta. Makarantar da mutanen unguwa suka zuba guminsu a ciki kuma, da wuya su zuba ido ana kwance mata tagogi da dare.

Ba zan ɓoye muku ba, a cikin masu kiran kansu 'yan sa-kai akwai gurɓatattu. Akwai mai zuwa rana ɗaya ya ɗauki hoto da yara ya saka a Facebook ba a sake ganinsa. Akwai mai zuwa da ɗoki ya yi mako biyu ya ɓace, ya bar yaran da suka fara sabawa da shi suna tambaya. Akwai ɗan siyasar da ba ya tuna makaranta sai zaɓe ya matso. Duk waɗannan rashin tsari ne ke ba su dama. Inda akwai rajista da alkawari a rubuce, mai neman hoto da kansa zai janye.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku fitar da ƙa'ida a rubuce, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu ba, mai bayyana wanda zai iya aikin sa-kai a makaranta, da abin da zai yi da wanda ba zai yi ba. Ikon amincewa ya kasance a hannun shugaban makaranta tare da kwamitin iyaye da malamai, ofis kuma a aika masa sunaye. A sa wa'adi, ko mako biyu ne, wanda a cikinsa za a ba mai nema amsa, in an ƙi shi a faɗa masa dalili. Ƙa'idar ta kuma kare shugaban da ya bi ta, domin muddin shi kaɗai zai ɗauki laifi in an sami matsala, zai ci gaba da cewa a'a.

Ku yi tantancewa, kuma ta zama kyauta. Wanda ya zo ba da lokacinsa bai kamata a ce ya sayi fom ba. A buɗe rajistar shiga da fita, a ba kowa katin rataya, a sanar da yara da iyayensu wanda za su kai wa ƙara in sun ga abin da ba su gane ba.

A kowace makaranta a ware malami ɗaya mai kula da 'yan sa-kai, a rage masa wasu darussa don ya samu sarari, kada a jibga masa a kan wanda yake ɗauke da shi. Shi zai raba aiki, shi zai san wa ya zo wa bai zo ba. A shirya horo na 'yan kwanaki a farkon kowane zango, musamman kan koyar da karatu da ƙidaya: yadda ake gwada yaro cikin 'yan mintuna a gane ko harafi ya sani, ko kalma, ko jimla, a kuma haɗa yara gwargwadon inda suka tsaya, ba gwargwadon ajinsu ba. A sake gwada su a ƙarshen zango. In ba a ga ci gaba ba, ku faɗa mana ƙarara, a canza salo ko a dakatar.

Ku rubuta a fili cewa ɗan sa-kai ba ya shiga lissafin ma'aikatan makaranta, ba a ba shi aji ya riƙe, kuma kasancewarsa ba ta rufe gurbin malamin da ya kamata a turo. Ku zauna da ƙungiyoyin malamai kafin a fitar da ƙa'idar, su sa bakinsu a ciki.

Ku halatta ƙananan gyare-gyare, benci, ƙofa, famfo, fenti, ba sai an jira kwangila ba, in dai shugaban makaranta ya rubuta abin da aka yi da wanda ya yi. Kuma a farkon kowane zango a liƙa takarda a bakin ƙofar makaranta mai cewa ga abin da muke buƙata: masu sauraron karatu mutum kaza, mai duba kwamfutoci, mai koya wa yara wasanni. Mutane da yawa ba su taɓa zuwa ba ne don ba a taɓa tambayarsu ba.

Matasan da suka cika alkawarinsu a ba su takardar shaida mai hatimin ofis, wadda za su iya nunawa wajen neman aiki ko gurbin karatu. Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 5 ga Disamba don masu aikin sa-kai. Ko a ranar ne a kira sunayensu gaban ɗalibai, ya wadatar.

Mu kuma a namu ɓangaren, duk wanda ya shiga zai sa hannu cewa zai kammala aƙalla zango guda, zai bi umarnin malamin aji, ba zai shigo da siyasa ko talla ba, ba zai ɗauki hoton ɗan kowa ba, ba zai kuma fita da sirrin yaro waje ba. Wanda ya saɓa, ku sallame shi, ba za mu zo roƙo ba.

Mun san rubuta ƙa'ida na ɗaukar lokaci, sai ta bi tebur-tebur. Kafin ta fito, muna roƙon ku ba shugabannin makarantu izinin wucin gadi su mayar da waɗanda suka riga suka san su kuma suka yaba da aikinsu, su ci gaba daga inda suka tsaya, a ƙarƙashin idon malamin aji. Muna fatan jin amsarku kafin a koma sabon zango, kuma a shirye muke mu turo wakilai duk ranar da kuka kira.

Allah ya taya ku riƙo, ya yi wa 'ya'yanmu albarka.

Naku cikin girmamawa,
Wani uba, a madadin iyaye, tsofaffin malamai, matasa da masu sana'a da ke son yi wa makarantun gwamnati aikin sa-kai.